Tabawa Mai Zaɓen Dankali

Ni kafinta ne, sunana Labaran. Gidana yana Congo-Russia, shagona kuma yana bakin babban titi a Gada Biyu tun kafin yaƙin basasa. A gidan da ke bayan shagon nan Tabawa take haya, ɗaki ɗaya. Gurguwa ce. Da hannu da gwiwa take tafiya, ta ɗaure guntun taya a kowace gwiwa, ta riƙe takalman katako a hannu. Ni nake sassaƙa mata su duk shekara. Ban san shekarunta ba, ita ma ba ta sani ba, amma ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata.

A barikin haƙar kuza aka haife ta, wajen Bukuru. Ubanta lebura ne daga ƙasar Katagum, ya zo cin rani ɗaya, ya shekara talatin, a nan aka binne shi. Tana shekara huɗu zazzaɓi ya kwantar da ita mako guda, da ta tashi ƙafafun ba su tashi tare da ita ba. Shan inna ne. An yi yawon masu magani har aka gaji. Ta auri Shu'aibu mai gadin wani sito, suka haifi 'ya ɗaya da ke aure a Bauchi, shi kuma ya rasu shekarar da aka daina fam aka koma naira. Iyakar abin da na sani ke nan, don ba mai ba da labarin kanta ba ce. In ka matsa mata da tambaya sai ta ce, "To, haka dai," ta ci gaba da abin da take yi.

Tsallaken titi, daidai saitin shagona, akwai fili inda matan da ke sarin dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu suke sauke kaya. Daga nan manyan motoci ke lodi zuwa Kano da Legas. Ɗaya daga cikin matan nan ita ce Roseline, doguwa mai babbar murya, kuma wajenta Tabawa take aiki. Za a zazzage buhuna a ƙasa, Tabawa ta shiga tsakiyar tsibin ta zauna, ta dinga warewa. Manya gefe guda don masu otal, matsakaita don kasuwa, ƙanana don iri. Wanda fartanya ta sara da wanda ya fara ruɓa ta cilla su bayanta. Ba ta ko duba, babban yatsanta ne ke gaya mata. Ruɓaɓɓe ɗaya ya shiga buhu, kafin mota ta kai Legas ya lalata rabi, kuma Roseline takan ce shekara goma sha ɗaya babu mai saye da ya dawo mata da ƙorafi. Masu ƙafa in sun yi awa biyu a sunkuye sai su miƙe suna dafe da ƙugu, Tabawa ta yi musu dariya. "Ku ne ke sunkuyowa," in ji ta. "Ni a nan Allah ya ajiye ni."

Da wannan aikin take ci, take biyan ɗaki, take yin zanin salla. Sharaɗinsa ɗaya ne: gari na wayewa ta kasance a cikin dankalin, don motoci ba sa wuce hantsi ba su tashi ba. A da wannan ba komai ba ne. Tsohon titin siriri ne, gefensa ya gangara cikin ciyawa, ta fito ta duba hagu da dama ta wuce. Direbobi sun san ta, har wasu kan ɗaga mata hannu.

A shekarar 1977 katafila ta zo. Aka ce za a faɗaɗa titi, muka yi murna, har da ni, ba zan yi ƙarya ba. Aka rushe rumfuna, aka zuba kwalta baƙa wuluk. Da yake ruwa daga tudun bayanmu yake gangarowa, sai aka haƙa lambatu a gefenmu, aka zuba masa kankare. Zurfinsa ya kai ƙugun namiji, faɗinsa kuwa sai ka ja baya ka yi tsalle. A tsallake an rufe nasu ruf, saboda motocin dankali na shiga. A namu gefen an sa murfin kankare wuri biyu kacal, ƙofar gidan mai da ƙofar wani mai gareji, duka can ƙasa nesa da mu. Wato wanda ya zana titin nan ya tambayi kansa ina taya za ta bi, bai tambayi ina ƙafa za ta bi ba, balle hannu. Mu masu ƙafa muka koyi tsalle. Tsofaffi su yi tsaki su yi tsalle, mata masu goyo su yi bisimilla su yi tsalle. Awaki ma ba su sha wahala ba.

Ranar da aka cire katakan da aka tokare kankaren da su, na iso da kekena wajen ƙarfe takwas na tarar da Tabawa a bakin lambatun. Tun asuba tana wurin. Ba ta kuka, tana dai kallon cikinsa.

"Yaya, bari in ɗauke ki in tsallakar," na ce.

"A'a, Kafinta."

"Ai minti ɗaya ne."

"Shu'aibu ne kaɗai ya taɓa ɗaukata, shi ma sau ɗaya, ranar naƙuda. Bar shi."

Mata biyu sun taɓa gwada ɗaukarta bayan nan, suka kusa faɗawa ciki su uku, ba a sake ba. Sai ta koma bin dogon zango. Ta bi ta ƙofar shaguna a kan ɓaraguzan da masu aiki suka bari, har gidan mai, ta hau murfin, ta jira tireloli su wuce, don a nan suke sakin gudu daga gangare. Ta tsallaka, sannan ta dawo baya ta kan kwalta, motoci na wucewa dab da kafaɗarta. Abin da take yi a minti uku ya koma awa guda da wani abu. Ko da ta fito da sassafe, in ta isa an ci rabin lodi, ga gajiya, sai ta huta kafin ta iya taɓa dankali.

Za a ce, kai da kake kafinta me ya hana ka sa katako? Na sa. Na farko ya kwana shida, sanyin Disamba ya shigo, wani ya sha ɗumi da shi. Na biyu na ɗaure shi da waya, aka zo da abin yanka. Na uku na yi shi mai kauri, sai mutum biyu ke ɗagawa, na bar wa maƙwabta su dinga shimfiɗawa da asuba su ɗauke da yamma, tun da ni ba a nan nake kwana ba. Sun yi mako biyu, daga nan wannan ya ce ai wancan ne da aiki yau, wancan ya ce bayansa na ciwo. Aka bar shi a kai. Ruwan farko na watan Mayu ya cika lambatun ya yi gaba da shi, ko guntunsa ban gani ba. Na gaji. Wannan ma gaskiya ce.

Wata rana Roseline ta yi tsalle ta zo shagona. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Oga Labaran, ni ba na so na canja shi," ta ce. "Hannun Tabawa babu irin shi. Amma mota ba ya jira. Sabon dankali zai fito Yuli, kaya zai yi yawa. In bai iya zuwa da safe ba, dole na nemi wani."

Na ce ta ba mu lokaci, akwai takarda a ofis. Da ma tun watan Maris Malam Dung, malamin firamare da ke haya kusa da mu, ya rubuta wa ofishin masu kula da hanya takarda da Turanci, ya yi bayanin Tabawa, ya roƙi murfi ɗaya a saitin lungunmu. Mai unguwa Jika ya dangwala hannu, mu ma muka sa namu. Ba mu sa rai ba. Sai ga amsa a watan Yuni: an ƙera murafu, kuma injiniya zai zagayo ranar Alhamis ya duba wuraren da suka fi bukata.

Ranar Talata mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa, a yi shawarar karɓar baƙo. Aka ce a share lungu, a shafa wa duwatsu farar ƙasa, a aro kujeru daga makarantar su Dung, a sayo lemo, a yanka kaji biyu. Ana cikin haka wani tsoho ya ce, to motarsa a bakin titi za ta tsaya, ta ina zai shigo?

"Subhanallahi," in ji mai unguwa. "Babban mutum da kwat da takalmi ya zo unguwata ya yi tsalle kamar akuya? In ya faɗa fa? Da wane ido zan dubi mutane? Baƙonka annabinka."

Duk aka juyo ana kallona. A lokacin ina da ƙyaure biyu na katakon maɗaci a shago, na wani gida ne da ake gini a Rayfield, Juma'a zan kai. Wata guda na yi a kansu, na goge su na shafe su har mutum na ganin fuskarsa. Babu wanda ya roƙe ni. Da bakina na ce a shimfiɗa su, ai na yini ɗaya ne. Aka yi ta sa mini albarka, ni kuma har da jin daɗi. Mu wajen ashirin ne a zaune, har da Dung mai karatun boko, babu ɗaya da ya ce, jama'a, ba ramin nan mutumin zai zo gani ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, mu kuwa muka ɓoye tamu muka shafa mata farar ƙasa.

Alhamis na zo da wuri. Na gitta ginshiƙai biyu, na kwantar da ƙyauren a kai gefe da gefe, ban riga na sa musu mariƙi ba, sai suka zama kamar faffaɗan dandamali. Muka zuba jan ƙasa a bakin kowane gefe muka daddaɓe, kada Oga ya yi tuntuɓe. Tabawa ta fito za ta kama dogon zangonta ta ga abin. Ta tsaya.

"Kafinta, a bi?"

Abin da na ce mata shi ne ta ɗan dakata har Oga ya wuce, kada ƙasa ta ɓata ƙyauren. Ta ce to. Ta koma jikin bangon shagona ta zauna. Motocin dankali suka yi lodi suka tashi tana kallo.

Sai wajen sha ɗaya motar ta iso. Injiniyan saurayi ne mai fara'a, da littafi a hannu, ba shi da girman kai ko kaɗan. Yana fitowa mata suka ce wa Tabawa ta je ta gaishe shi, ya ga wadda aka yi takardar dominta. Ta goge takalman hannunta da gefen zani, ta hau jan ƙasar, ta bi kan ƙyauren ta sauka a bakin kwalta. Ko numfashi uku ba a yi ba. Tun da ruwa ya tafi da katakon rabonta da bin wurin. Daga tsallake Roseline ta rangaɗa guɗa, yara suka yi tafi.

"Wannan ce matar?" in ji injiniyan. "Sannu Mama. Ai ga shi kin wuce lafiya."

"Lafiya lau, Yallaɓai," ta ce.

Ta gaishe shi, ta duba hagu da dama, ta tsallaka titi ta nufi ragowar dankalin. Shi kuma ya taka ƙyauren ya shigo, har ya ɗan buga shi da dunduniya ya gyaɗa kai.

Aka zaunar da shi, aka buɗe masa lemo. Mai unguwa ya miƙe ya fara jawabi yadda aka gada: ba a fara wa babban baƙo da roƙo, da godiya ake farawa. Ya gode wa Allah, ya gode wa gwamnati da ta kawo titi, ya gode wa masu aikin, ya gode wa iyayen da suka haifi injiniya suka sa shi a makaranta. Roƙon yana can ƙarshe, kamar nama a ƙasan miya. Bai kai wurin ba injiniyan ya dubi agogo ya miƙe. Ya ba da haƙuri, ya ce saura wuri goma sha huɗu bai je ba. Ya ce wallahi ya ji daɗi, tun safe yake yawo bai ga unguwar da ta tashi ta taimaki kanta da aikin gayya kamar tamu ba. Murafun ba su da yawa, in ji shi, don haka zai kai su inda mutane ba su da komai, mu kuwa zai ba da labarinmu a ofis a yi koyi da mu. Ya rubuta wani abu a littafinsa.

Na ga Dung ya buɗe baki. Mai unguwa ya kalle shi, Dung ya rufe. Ba a katse baƙo, ba a kuma mayar masa da yabo a gaban jama'a. Ni mai ƙyauren kuwa ina tsaye a bayan kujera. Da na ce, Yallaɓai, na aro ne, gobe za su tafi, da shi ke nan. Kalma nawa ce? Amma sai na ji kamar zan ce mun shirya masa ƙarya ne, na tozarta mai unguwa, na tozarta kaina. Kunya ta riƙe mini harshe.

"Mun gode, ranka ya daɗe," in ji mai unguwa.

Aka bi shi da kaza a kwano har mota. Bayan ya tafi muka tsaya cirko-cirko, kowa na kallon wani wuri daban. Wani ya ce a mayar da kujeru kafin a tashi makaranta. Aka mayar.

Tabawa ba ta ji komai ba, tana tsallake. Da la'asar ta dawo ta kan ƙyauren. Tana sauka na kira mutum biyu muka ɗaga su, na goge sawun takalma da tsumma. Ta tsaya tana kallonmu.

"Ɗaukewa za a yi?"

"Na mutane ne, Yaya. Rayfield za su."

"Na kankaren fa?"

Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Na so ta zage ni. Ta saurara har na gama, ta ce to, ta shige gida.

Dung ya sake rubuta takarda yana bayanin gaskiya. Mai unguwa ya ƙi sa hannu, ya ce ba zai rubuta wa hukuma cewa jami'inta bai gani daidai ba, kuma ba zai rubuta cewa shi ya yaudari baƙo ba. Dung ya aika da sa hannunsa shi kaɗai. Amsar layi biyu ce: an duba wurin, akwai abin tsallakawa. A farkon Yuli motar murafu ta zo da injin ɗagawa, ta ajiye ɗaya can sama da mu, ta wuce mu a hankali, ta ajiye wani can ƙasa bayan gidan mai. Ina tsaye da zarto a hannu. Ban ji haushi ba ma, ban ji komai ba, na koma na ci gaba da yanka.

Sabon dankali ya fito. Tabawa ta yi kwana tara tana bin dogon zango cikin ruwan sama. A rana ta goma Roseline ta yi tsalle ta zo, ta same ta a ƙofar gida, ta zauna a ƙasa kusa da ita, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Tabawa, na ɗauki wani yarinya, Firisila, ya yi aikin ka," ta ce. "Mutumin Legas ya ce buhu uku ya lalace. Ba laifin ka ba ne."

"Na sani."

"In an gyara hanya, wurin ka yana nan. Allah ya gani."

"To. Ki ce mata ta dinga matsa wajen idon dankalin, nan yake fara ruɓa."

Roseline ta yi kuka, ta face hanci da gefen zani. Tabawa ba ta yi ba.

Tun daga nan ba ta sake nufar gidan mai ba. Takan fito da hantsi ta zauna jikin bangon shagona, hannuwanta a cinya. Matan gida na ba ta ɓarar gyaɗa ko tsintar shinkafa, su zuba mata abinci, 'yarta kuma na aiko da abin da ya samu. Muna gaisawa kullum. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, mai unguwa kuwa in zai wuce sai ya bi ta ɗaya lungun.

Sai wata ranar Laraba, bayan damina ta ɗauke, ina goge ƙafar tebur ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Kafinta, ƙyauren nan an kafa su?"

"An kafa, Yaya."

"Sun yi kyau a wurin?"

"Sun yi."

Na koma kan aikina, na ɗauka ta gama.

"Tun da nake, ban taɓa bin abu mai santsi kamarsu ba," ta ce. "Ko kaɗan bai ci mini gwiwa ba."

A tsallake ana ɗinke bakin buhuna, direba na danna ham yana kiran a yi sauri.